Inda na kai diddigena a Aziziyya

Tun da na koma taka ƙafata daidai, matan unguwarmu suke tare ni da tambaya. Wadda muka haɗu da ita a Harami sai ta ce, "Hajiya, ina kika kai ƙafar nan?" A gidan suna ma haka, a layin kayan miya ma haka. Kullum in na ba da amsa a tsaye sai na manta wani abu, shi ya sa na zauna na rubuta komai: wurin da na je, abin da suka yi mini, abin da na kashe, abin da na yaba, da abin da har yau bai yi mini daɗi ba.

Ni mai girki ce. Shekarata 19 a Makka, a wajen Shara Mansur, kuma yawancin shekarun nan a tsaye na yi su gaban tukunya. Lokacin azumi da aikin Hajji muna dafa wa baƙi 'yan gida tuwo da miyar kuka, da masa, da shinkafa da wake, tun bayan asuba har sai Allah Ya yi dare. Daɓen kicin ɗinmu tayil ne. Ni kuwa tun tasowata a Kano ban saba da takalmi a cikin gida ba, in ma na sa, silifa ce irin ta riyal 10, wadda za ki iya naɗe ta kamar tabarma.

Ciwon diddigen ya same ni a azumin 1445, wato 2024, cikin goman ƙarshe. Wuni ina kicin, dare ina Harami, asham da tahajjud, ƙafa ba takalmi. Farin dutsen marmaran nan na filin dawafi, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ni'ima ne, don ko da tsakar rana ba ya ƙona ƙafa. Amma dutse ba ya lotsawa. Wata rana na sauko daga gado zan ɗora sahur, diddigena na dama yana taɓa ƙasa na ji kamar na taka ƙusa. Na zauna na ɗaga ƙafar na duba: ba jini, ba ƙaya, ba kumburi. Na dafa bango na ɗingisa zuwa banɗaki, kafin na gama alwala ya lafa. Lafawar nan ita ta cuce ni, don ita ta sa na ce gajiya ce. Kullum haka: takun farko na safe azaba, bayan taku ashirin ko talatin sai ya sake ni, in na zauna yanka albasa na miƙe ya dawo, da daddare kuma diddigen ya yi ta zugi kamar an daka shi a turmi.

Ba abin da ban gwada ba. Man zaitun da habbatus sauda, ruwan zafi da gishiri, man zafi kala uku. Ƙwayoyin kashe zafi na sha har cikina ya fara ƙuna, sai daga baya na ji cewa yawan shansu yana taɓa ciki da ƙoda. Wata maƙwabciyata Balarabiya ta ce in je a yi mini kayyi, wato a ɗora ƙarfe mai zafi a wurin, Allah Ya taimake ni 'yata ta rantse ba za ta raka ni ba. Da Hajji ya matso, aiki ya taso gadan-gadan, na je wani ƙaramin asibitin kuɗi. Aka ɗauki hoton ƙashi, likitan ya nuna mini wani ɗan tsini a ƙashin diddige ya ce "mismar", ƙusa ke nan, sannan ya yi mini allurar kotizon a wurin. Ko minti biyar ban yi a gabansa ba. Gaskiya allurar ta yi aiki, na yi sati biyar kamar ban taɓa ciwo ba, na yi aikin Hajji a tsaye kan tayil ɗin nan da silifar nan. Baƙi na gama tafiya ciwon ya dawo, ya fi na da. Har na kai ga ina yin sallar farilla a kan kujera, kuma ranar da na fara haka na yi kuka.

Wata ƙawata ce da aka yi wa gashin gwiwa ta ce in gwada wurin da ta je a unguwar Aziziyya, nan Makka. Larabawa na kiran irin wurin "ilaj ɗabi'i", mu kuma mu ce gashin ƙashi. Na je a watan Muharram.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai, don shi na fara cin karo da shi. Sashen mata yana hawa na biyu, kuma a zuwa goma sha ɗaya da na yi, sau huɗu na tarar lif ɗin ba ya aiki. Wurin da masu ciwon ƙafa da gwiwa da baya ke zuwa, a ce su hau matakala! Na ga wata tsohuwa 'yar Indunusiya zaune a kan matakala ta uku tana hutawa, jikarta na riƙe da sandarta. Na yi musu magana, suka ce gyaran na mai gini ne. Wurin ajiye mota ma babu, ɗana sai ya sauke ni ya yi ta zagaye. In kin je bayan la'asar, lokacin da aka rubuta miki a takarda ba shi ne lokacin shigarki ba, na taɓa jiran minti 50. Da safe kuwa, tsakanin tara da sha ɗaya, ba na wuce minti goma. Ciki dai tsaf yake. Kowane gado da labulensa, ana canja shimfiɗar takarda a gabanki, kuma tun daga ƙofa har ciki mata ne zalla, za ki cire abayarki hankali kwance.

Ranar farko likitar ƙashi ce ta gan ni, ta ɗora na'urar sikanin a tafin ƙafata, ta auna kaurin jijiyar da ke tafin ƙafar. Ta hagu milimita 3, ta dama ta kusa 6. Ta ce in ya wuce 4 alama ce ta wannan ciwo. Riyal 200 na biya, da ganin likita da sikanin. Daga nan ta tura ni ɗakin gashi.

Mai gashin wata yarinya ce doguwa, ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, 'yar Sudan. Ta fara yi mini Larabci, sai ta kalli takardata ta ga inda aka haife ni, ta ɗago ta ce, "Goggo, sannu da zuwa, ina gajiya?" Na ce ikon Allah! Ashe 'yar Mai Wurno ce, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'ar da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ta ce kakanninta na cikinsu. Hausarta a cakuɗe take da Larabcin Sudan, kowace jimla sai ta sa "kwayyis" ko "shiwayya shiwayya", amma ba abin da ban gane ba. A daidai lokacin ne yaƙin Sudan ya shiga jihar Sinnar, wayarta na aljihun rigar aikinta, ina gani tana taɓa ta lokaci zuwa lokaci tana jiran labarin mahaifiyarta. Duk da haka ba ta taɓa yi mini aiki da rabin hankali ba. Na faɗi wannan ne don ita ce dalilin da ya sa nake tura mutane wurin.

Kafin ta taɓa ni sai da ta yi mini tambayoyi sun fi ashirin. Ina da ciwon sukari? Ƙafar na yin sanyi ko ta mutu, ko ina jin kamar tururuwa na yawo a ciki? Ciwon na tashe ni cikin dare ina kwance? Na taɓa jin wani abu ya tsinke fat a tafin ƙafar? Bayana na ƙagewa da safe? Ta ce kowanne daga cikin waɗannan yana iya nuna wani ciwon daban, na jijiyar ji, ko tsagewar ƙashi, ko sanyin gaɓoɓi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne da nawa. Da na ba ta labarin kayyi sai ta dafe kai, ta ce mai sukari in aka ƙona masa ƙafa, gyambon na iya kai shi ga yanka. Daga nan ta tambayi awa nawa nake tsayuwa, a kan me, ta ɗora ni a sikeli, kilo 94. Sannan ta ce, "Goggo, miƙo mini takalminki." Ta ɗauki silifata ta ninke ta biyu da yatsu biyu, ta ajiye, ba ta ce komai ba.

Abin da ta yi bayan nan shi ne ban taɓa mantawa ba. Ta zaunar da ni, ta ɗora ƙafata ta dama a kan gwiwata ta hagu, ta kama babban yatsana ta ja shi baya wajen ƙwauri. Ta ɗauki hannuna ta ɗora a tafin ƙafar ta ce in shafa. Sai na ji wani abu ya miƙe ƙyam a ƙarƙashin fata, tun daga diddige har gindin yatsu, kamar tsirkiyar baka. Ta saki yatsan, ya kwanta. Ta sake ja, ya sake miƙewa. Ta ce wannan ita ce jijiyar, faffaɗa ce mai kauri, ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar yadda tsirkiya ke riƙe da baka, kuma duk takun da mutum ya yi sai ta ɗauki nauyinsa. Sai ta bi ta da babban yatsanta har inda ta manne da ƙashin diddige, ta gefen ciki, ta danna. Na yi salati da ƙarfi. Ta ce, "Nan ne gidan ciwon."

Sunansa a takarda "iltihabul lifafatil akhmasiyya", Turawa su ce filanta fashiyaitis, ma'anarsa kumburin jijiyar tafin ƙafa. Amma ta ce in ya daɗe kamar nawa, abin ya fi kama da tsufan igiyar guga: zare-zaren ne ke tsintsinkewa kaɗan-kaɗan a wurin da ta manne, saboda ana ɗora mata fiye da ƙarfinta kuma ba a ba ta lokacin gyaruwa. Shi ya sa ƙwaya ke kashe zafin amma ba ta warkar da shi. Na tambaye ta dalilin azabar safe. Ta ce in mutum na barci ƙafarsa na saki ne, yatsu su kalli ƙasa, jijiyar ta takure, jiki ya fara ɗinke ta a takure. Da asuba sai ki ɗora mata kilo 94 a taku ɗaya, ɗinkin jiya ya warware. Ta ce kusan mutum ɗaya cikin goma zai gamu da shi a rayuwarsa, ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, da masu jiki, da masu aikin tsayuwa a kan daɓe mai tauri, da waɗanda agararsu ta ƙage. Duk huɗun ina ciki.

Na fito mata da hoton ƙashin da aka ɗauke ni a baya na ce to ƙusar fa? Tun ranar da aka ɗauke shi nake yawo da tunanin akwai ƙashi mai tsini yana sukar namana, har na fara tambayar kuɗin tiyata. Ta ɗaga hoton wajen fitila ta ce in duba da kyau. Tsinin a kwance yake, yana kallon yatsu, ba ƙasa yake kallo ba. Ta ce mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna fama da ciwon ba su da shi, kuma za ki warke yana nan inda yake. Game da allurar, ba ta zagi kowa ba. Ta ce tana da ranarta, tana ba da sauƙi na 'yan makonni, amma in ana maimaita ta tana iya cinye kitsen da Allah Ya shimfiɗa a ƙarƙashin diddige kamar matashi, ko ma ta sa jijiyar ta tsinke. Sannan ta gaya mini abin da ban so ji ba: kusan tara cikin goma na warkewa ba tare da wuƙa ba, amma abin na iya ɗaukar wata shida har zuwa shekara. Ta ce, "Ni rabin awa nake da ke sau biyu a sati. Sauran lokacin ƙafar na hannunki."

Aikin gida ta rubuta mini da hannunta, da zanen ƙafa. Kafin in sauko daga gado da asuba, in zauna in ja yatsun baya kamar yadda ta nuna mini, in ƙirga goma, in saki, sau goma. Haka kuma duk sanda na daɗe a zaune zan miƙe. Sai miƙar da agara: in dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, diddige manne da ƙasa, gwiwa a miƙe, in jingina gaba har in ji sha-raɓata, naman bayan ƙwaurin nan, yana ja, in tsaya daƙiƙa 30, sau uku, safe da yamma. Da daddare in na dawo daga aiki, in sa gorar ruwa da ta daskare a ƙarƙashin ƙafa in yi ta mirgina ta minti goma zuwa sha biyar. Na ware gora ɗaya ta ruwan famfo na ɗaura mata jan ƙyalle, don kada yara su haɗa ta da gorunan zamzam da ke firji.

Wanda ya fi wuya, kuma a ganina shi ya yi aikin, sai a sati na uku ta fara mini shi. A tsaya a bakin matakala, a naɗe ƙaramin tawul a sa ƙarƙashin yatsu don su ɗago, diddige na lilo a iska. A ɗaga jiki sama a hankali ana ƙirga uku, a tsaya a ƙirga biyu, a sauko ana ƙirga uku har diddigen ya wuce bakin matakalar. Sau 12, a huta, har zagaye uku, kuma ba kullum ba, yau a yi gobe a huta. Da ƙafa biyu na fara ina riƙe da ƙarfe, jikina na rawa. Tana tsugune a gefena hannunta a idon sawuna, in na yi sauri ta ce, "Shiwayya, Goggo, ba tsere muke ba." Bayan wata guda na koma ƙafa ɗaya. Daga baya ta ce in ƙara nauyi, na sa buhun shinkafa mai kilo 5 a jakar makarantar jikata na goya. Ta ce miƙarwa na sassauta jijiyar ne, wannan kuma shi ke sa ta yi ƙwarin ɗaukar kaya.

Na'urori kuwa akwai su, kuma kowane zama sai an ɗora miki ɗaya ko biyu: mai ɗumi, da mai tsikarin lantarki. Suna da daɗi, har gyangyaɗi nake yi. Na tambaye ta ko su ne maganin, ta yi murmushi ta ce suna rage zafi na ɗan lokaci, kada in dogara da su. A nan ne na ga bambanci tsakaninta da masu karɓar kuɗi a ƙofa. Su tun ranar farko suke tallata mini injin bugu, wanda ke harba igiyar sauti mai ƙarfi a diddige, zama biyar riyal 1,500, da shimfiɗar takalmi da ake auna ƙafarki a yi miki taki ke kaɗai, riyal 650. Sau uku suna kirana a waya wai ragin zai ƙare. Ban ji daɗin haka ba, don mai ciwo abin da aka ce masa magani ne ko bashi zai ci ya saya. Da na gaya mata sai ta rage murya ta ce injin yana taimakon wasu, amma na waɗanda suka yi watanni suna yin abubuwan nan masu sauƙi ba su ga canji ba ne, ni kuwa ko farawa ban yi ba. Shimfiɗar kuma, ta ce binciken da aka yi bai nuna mai tsadar ta fi ta kanti ba ga yawancin mutane. Ta rubuta mini irin wadda zan nema a saidaliyya, wato kantin magani, mai tudu a tsakiya da taushi a diddige. Riyal 85 na saye ta.

Abu biyu da ta ba ni ba su karɓe ni sosai ba. Na farko filasta. Ta naɗe mini tafin ƙafa da ita, kuma gaskiya ina sauka daga gadon na ji kamar an ɗauke mini rabin nauyina. Amma mai alwala sau biyar a rana, ga zufar Makka, ga ruwan kicin, kafin magariba ta fara ɓantarewa, raina kuma bai kwanta da wankin ƙafar ba. Sau biyu muka yi na ce a bar ta. Na biyu takalmin barci, wani abu na roba mai maɗauri da ke riƙe ƙafa a tsaye don kada jijiyar ta takure cikin dare, riyal 140. Yana aiki, safiyar da na kwana da shi takun farko ba ya kai na kullum zafi. Sai dai kwana da shi wahala ne, ga zafi ga nauyi, sau da yawa ƙarfe biyun dare nake kwance shi. Sati uku na iya, na ajiye.

Takalmi kam na canja, kuma da tun farko na yi haka da ban kai inda na kai ba. Ta koya mini gwaji: ki kama shi ki lanƙwasa, in ya karye a tsakiya ki ajiye, a wajen yatsu kaɗai ya kamata ya lanƙwashe. Ƙasansa ya zama mai kauri, diddigensa ya ɗan fi gaba tudu, bayansa ya kama ƙafa. Na sayi kambas irin na masu motsa jiki, riyal 190, da shi nake girki, na ajiye wani mai kauri a bakin gado don ko banɗaki ba na zuwa ƙafa ba takalmi. A kicin na shimfiɗa tabarmar roba mai kauri gaban murhu, na sa doguwar kujera, yankan albasa da gyaran kayan miya duk a zaune. Na rage shayi mai sukari da cin dare, a wata biyar na sauke kilo 6.

Damuwata babba ita ce Harami, don can ba a shiga da takalmin waje. Ta ce in sayi huffi mai ɗan yalwa, in sa matashin diddige na roba a ciki, kuma in haƙura da dawafin nafila na wata biyu. Ta yi mini lissafi: sa'ayi kaɗai, tafiya bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya kusa kilomita uku, ban da dawafi, ban da tafiya daga inda mota ta sauke ki. Wani abu kuma da ta nuna mini ya faranta mini rai. Ta ce in lura da yadda yatsun ƙafa ke lanƙwashewa suna kallon alƙibla a sujada, da yadda ake kafa ƙafar dama a zaman tahiya. Jan da take sa ni yi da hannu ke nan. Ta ce in zafin ya ragu in sauka daga kujera in koma ƙasa a hankali, in fara da raka'a biyu. Sati na shida na yi sallar asuba a ƙasa daga farko har sallama.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. A wata na biyu aka yi bikin 'yar ƙanwata a Jidda, na ji sauƙi, na sa takalmin kwalliya na wuni a tsaye, washegari na koma ɗingishi kamar ranar farko. Na je mata ina hawaye na ce aikin banza muke yi. Ta duba, ta ce ba abin da ya tsinke, ta mayar da ni ƙafa biyu a matakala na sati guda, muka ci gaba. Sai wajen wata na huɗu na lura wata safiya har na isa kicin ban dafa bango ba. A watan Rajab na yi Umara da ƙafata, da huffi da matashinsa, na zauna na huta sau biyu a wajen Marwa. Azumin 1446 na tsaya tahajjud. Daga ranar da na fara jin ƙusar zuwa ranar da na daina tunanin diddigena da safe, wata goma ke nan da ɗoriya. Har yanzu in aiki ya yi yawa yana ɗan yi mini magana, sai in koma gorar ƙanƙara da matakala na kwana biyu.

Kuɗi: zama goma na yi, kowanne riyal 130, ba ni da inshorar da ta ɗauki gashi, daga aljihuna na biya. In na haɗa da ganin likita da shimfiɗa da takalmin barci da kambas, riyal 1,915 ke nan. A ganina goma ya yi yawa. Abin da na koya, a zama biyar ko shida na koye shi, sauran na maimaici ne. Da yau ne, sai in biya biyar, in roƙi a rarraba mini su, biyu a satin farko, sauran duk bayan sati biyu ko uku, don a riƙa duba ko ina yin motsin daidai. Masu ƙofa za su ce goma a dunƙule ya fi araha, ki tsaya a kan biyar ɗinki.

Wadda take da sukari, ko ƙafarta ke mutuwa, ko diddigen ya kumbura ya yi ja, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, kada ta ɗauki aikin gidan da na lissafa ta fara, ta ga likita tukuna. Wadda kuma ciwonta irin nawa ne, na takun farko da asuba, ina ba ta shawarar ta je tun bai kai wata huɗu ba kamar yadda na bari. Ma'aikatan gashin su uku ne a sashen mata, ban san hannun sauran biyun ba, don haka a ƙofa ki ce 'yar Sudan mai jin Hausa kike so. Ranar zamana na ƙarshe na kai mata masa da miyar taushe a kula, ta gaya mini mahaifiyarta ta isa Kasala lafiya wurin 'yan uwa. Ki nemi lokacin safe, ki kira ki tambaya ko lif na aiki, kuma ki tafi da takalmin da kike sawa kullum, ba na fita unguwa ba, don za ta ce ki miƙo shi.